AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaushe Ɗan Sanda Da Lauya Suka Shigo Labaran Hausa?

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri ɗaya, domin duk daga arewacin Jihar Zamfara suka fito, kuma duk magana ɗaya suke yi, ko da yake kowa da inda ya kama. Abin da ya haɗa su shi ne wani ɗan littafin ƙagaggen labari na Hausa, wanda a rabinsa na farko ɗan sanda ne yake bin sawun wanda ya yi kisan kai, a rabinsa na biyu kuma lauyoyi ne suke ta kai-kawo a gaban mai shari'a. Ba za mu faɗi sunan littafin ba don kada ya zama talla, kuma ma irinsa suna da yawa a hannun masu sayar da littattafai.

Wasiƙa ta farko daga wani tela ce a Ƙaura Namoda. Shi dai labarin ya yi masa daɗi, har ya ce ya hana shi barci, yana kuma so ya san ko tun yaushe Hausawa suka fara rubuta irin wannan. Ta biyu daga wani mai fataucin hatsi ce a Shinkafi, wanda ya ce labarin zuƙi-ta-malle ne kawai, domin shi tun da yake bai taɓa ganin an bi sawun ɓarawo haka ba, balle a ce lauya ya fid da talaka. Ta uku kuwa wani dattijo manomi ne daga Zurmi ya sa aka rubuta masa. Shi damuwarsa biyu ce: yana tsoron kada irin waɗannan littattafai su koya wa yara dabarun sata, sannan yana tambaya, ta yaya mutum zai karɓi kuɗi ya tsaya wa wanda ake zargi da kisan kai?

To, malamai, mun gode da wasiƙunku. Amsarku duka tana cikin tarihi, domin marubuci ba ya rubuta abin da jama'arsa ba su taɓa gani ba. Kafin a sami labarin ɗan sanda sai an sami ɗan sanda, kafin a sami labarin lauya sai an bar lauya ya shiga kotu. Su biyun nan kuwa ba su daɗe da zuwa ƙasarmu ba kamar yadda wasu suke zato.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ko a ƙasashen Turawa ma haka abin ya faru. A birnin Faris na Faransa an kafa sashen 'yan sandan ciki wajejen 1812, wanda ya fara shugabantarsa kuwa, wani mai suna Vidocq, tsohon ɗan fursuna ne da ya san hanyoyin ɓarayi ciki da waje. A Landan an kafa rundunar 'yan sandan birni a 1829, aka buɗe mata sashen bincike a 1842. Ana cikin wannan zamani ne, a 1841, wani Ba'amurke mai suna Edgar Allan Poe ya rubuta labarin da ake ɗauka shi ne na farko a wannan fanni, ya kuma ajiye labarin nasa a Faris. A 1887 wani likita ɗan Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya fito da gwanin bincike Sherlock Holmes, wanda yakan dubi takalmin mutum ya faɗi inda ya fito.

Haɗa bincike da zaman kotu a littafi ɗaya kuwa, wanda ya fi shahara da shi shi ne Erle Stanley Gardner na Amurka, wanda shi kansa lauya ne. A 1933 ya fito da lauyan ƙage mai suna Perry Mason. Tsarin labaransa kusan ɗaya ne: 'yan sanda su kama wanda bai ji ba bai gani ba, lauya ya yi nasa binciken, sannan a tsakiyar shari'a ya rutsa mai laifin gaskiya da tambayoyi har ya tona kansa. Malam tela na Ƙaura, in ka lura, kusan wannan ƙirar ce littafin da ya hana ka barci ya bi.

ZAMANIN ALƘALI DA DOGARI

To, a wannan shekara ta 1933, yaya shari'a take a ƙasarku? Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi duk suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. In an yi wa mutum sata, mai unguwa zai fara gaya wa, daga nan a je ga dagaci, a wuce ga hakimi. In shanu ne aka kora, mutanen gari da kansu suke bin sawu tun da sassafe kafin iska ko wasu dabbobi su shafe shi. In an kama wanda ake zargi, dogari ko ɗan doka ya iza ƙeyarsa zuwa gaban alƙali. Manyan laifuffuka irin na kisan kai kuwa sai a kai su Sakkwato, majalisar Sarkin Musulmi.

Alƙalin wancan zamani shi ne mai tambaya, shi ne mai auna shaidu, shi ne mai yanke hukunci, da muhutinsa a gefe. Littattafansa su ne na mazhabar Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, ga kuma Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: wanda ya kawo ƙara shi zai kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. A shari'ar kisan kai, in akwai alama mai ƙarfi amma shaidu ba su cika ba, akwai abin da ake kira ƙasama, wato rantsuwa 50 da dangin mamaci za su yi. Lauya kuwa doka ta hana shi tsayawa a kotunan En'e ɗungurungum.

'Yan doka su ne 'yan sandan En'e, waɗanda aka tsara a shekarun 1920 domin su karɓi wani sashe na aikin dogarai. 'Yan sandan gwamnati kuwa, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930, ba su da yawa a ƙasar Hausa, an fi ganinsu a barikoki da unguwannin baƙi da kuma bakin hanyar jirgin ƙasa. Mutanen Ƙaura Namoda sun riga maƙwabtansu sabawa da irin wannan sabuwar rayuwa, tun da a 1929 ne hanyar jirgi da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare a garinsu, ta kawo 'yan kamfanin gyaɗa da auduga da baƙi iri-iri. Amma manomin da yake can cikin ƙasar Zurmi yana iya tsufa bai taɓa magana da ɗan sandan gwamnati ba.

LITTATTAFAN ZARIYA

A cikin wannan hali ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Littattafai 5 ne suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Ku lura, ɓarayi da macuta ba su yi ƙaranci a cikinsu ba. Idon Matambayi labarin ɓarayi ne da dabarunsu. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kullum cikin ƙulla wa juna sharri suke, sau da yawa kuma rigimar takan ƙare a gaban sarki ko alƙali. Jiki Magayi ya fi su nauyi. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, budurwar da Abubakar yake so. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, ya lalata ɗan da suka haifa, wato Kyauta, har yaron ya zama riƙaƙƙen ɓarawo, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Ga sata, ga kisan kai, amma babu mai bincike. Tun daga farko mai karatu ya san wanda ya ƙulla abin, jira kawai yake ya ga yadda alhaki zai kama mai shi. A labarin Bature tambayar ita ce, wa ya aikata? A tsohon labarin Bahaushe kuwa tambayar ita ce, yaya ƙarshensa zai kasance? Domin mu a wurinmu alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Inda aka yi wasa da basira a shari'a, kamar a wasu labaran Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, za ka tarar mai yanke hukuncin ne yake ɗana tarkon da zai kama maƙaryaci. Wato aikin da Turawa suka raba wa ɗan sanda da lauya da joji, mu a wuyan mutum ɗaya yake.

DA AKA SAUYA DOKA

Sauyin ya fara ne daga wata shari'a ta gaske da aka yi a maƙwabtanku. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar wani mai suna Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun sarki ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe mutum. Kotun Turawa ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa a dokar gwamnati wanda aka tunzura har ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Wannan hukunci ya jawo ka-ce-na-ce na shekaru, domin ya nuna cewa laifi ɗaya yana da hukunci biyu, ya danganta da kotun da aka kai mutum.

Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira wani kwamitin masana shari'a a 1958, a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka tsara dokar laifuffuka ta Arewa, wadda jama'a suka sani da Final Kot, a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, tare da dokar da ta tsara yadda za a riƙa kama mutum da bincikensa da gurfanar da shi. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki a 1968. 'Yan doka su ma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, zuwa farkon shekarun 1970 an gama. Lauya kuwa bai sami cikakkiyar damar tsaya wa wanda ake tuhuma a kotun yanki ba sai bayan tsarin mulkin 1979, da manyan kotuna suka ce hana shi ya saɓa wa haƙƙin ɗan ƙasa.

Wani ɗan yankinku ma ya bi hanyoyin nan biyu da ƙafarsa. Marigayi Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya shiga aikin ɗan sanda a 1959, daga baya ya karanta shari'a a Jami'ar Legas ya zama lauya a 1974, ya riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya a zamanin Murtala da Obasanjo, sannan ya shugabanci hukumar tsaron farin kaya ta ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu a 2016. Allah ya jiƙansa.

LITTATTAFAN DA SUKA BIYO BAYA

Da ɗan sanda da kotun zamani suka zama abin gani yau da kullum, sai ga su a cikin littafi. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai sun bazu, fashi da makami ya yawaita, har gwamnati ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. Kuɗin man fetur kuma ya ja samari daga ƙauye zuwa birni. A 1978 Abdulƙadir Ɗangambo ya fito da Kitsen Rogo, labarin yaron da ya raina zaman ƙauye ya tafi birni ya faɗa hannun miyagun abokai. A 1982 aka buga littattafan da suka ci gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya. Cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya buɗe cikin harkar fasa-ƙwauri da cin hanci ta hanyar labarin wani attajiri, Alhaji Gabatari. Akwai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma, wanda ya fito daga yaƙi ya kafa ƙungiyar ta'addanci. A lokacin nan kuma 'yan makaranta suna ta karanta littattafan James Hadley Chase na Turanci, wasunsu kuwa su ne suka zama marubutan Hausa daga baya.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kansu. An fi sanin wannan zamani da labaran soyayya, amma marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi suna wajen labaran sarƙaƙiya masu sa mai karatu zaman ɗar-ɗar. Ta wannan hanya ce sufeto da sajan da lauya mai baƙar riga suka zauna daram a cikin labarin Hausa. Saboda haka malam tela, amsarka ita ce: labarin laifi ya kai shekara 90 a rubutun bokon Hausa, amma wanda ya haɗa binciken ɗan sanda da muhawarar lauyoyi ɗan baya-bayan nan ne.

AMSA GA MUTUMIN SHINKAFI

Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya. Marubuci shi ne mai iko da labarinsa, shi ya ɓoye wuƙar, shi ya san inda ɗan sandansa zai tsince ta. A duniyar gaske kuwa mai bincike yakan rasa mota, ya rasa mai, shaidu su ƙi fitowa don tsoro, shari'a ta yi ta ɗaguwa har mai ƙara ya gaji. Ku da kuke cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kun fi kowa sanin halin da aka shiga tun wajejen 2011, da satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya na wani lokaci.

Amma kada ka ce ba a taɓa yi ba. A ƙarshen 1986 an kama ƙasurgumin ɗan fashin nan Lawrence Anini a Benin, kuma shari'arsa ta tona asirin wani babban jami'in ɗan sanda da yake taimaka wa ƙungiyarsa, aka yanke musu hukuncin kisa a 1987. Sannan akwai abubuwan da suke cikin irin littafin nan waɗanda doka ce ta gaske, ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe su. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana 2, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko azabtarwa, dokar shaida ta 2011 ta ce kotu kada ta karɓe shi. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma, akwai Hukumar Agajin Lauyoyi da aka kafa tun 1976. Ba kullum ake bin waɗannan ƙa'idoji ba, amma wanda ya san su ya fi wanda bai sani ba ƙarfin baki.

AMSA GA BABA NA ZURMI

Baba, Allah ya ƙara girma. Game da tsoron da kake yi wa yara, gaskiya ne ba kowane littafi ya dace da kowane yaro ba, kuma uba yana da haƙƙin ya san abin da ɗansa yake karantawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa ya karanta maka da dare kana ji. In marubucin ya mai da ɓarawo gwarzo, ka ga abin hanawa. In kuwa ya nuna wahalar da ɓarawo ya jawo wa iyayensa da garinsu, to wa'azi ne ya zo da wata riga. Ka tuna kuma, mafi yawan masu korar shanu a daji ba daga littafi suka koya ba.

Game da lauya kuwa, aikinsa shi ne ya tabbatar ba a hukunta mutum ba sai da hujja. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Malaman fiƙihu sun yarda mutum ya naɗa wakili ya yi magana a madadinsa a gaban alƙali, sun kuma yi ittifaƙi cewa ana kawar da haddi in akwai shubuha. Ko bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauya da kuma ɗaukaka ƙara. Lauyan da ya shirya ƙarya ko ya sayi shaida, wannan ya ci amanar aikinsa, alhakin kuma yana kansa. Amma wanda ya tsaya ya ce a kawo shaida kafin a taɓa mutum, garkuwa ce gare ka ranar da wani maƙiyi zai nuna ɗanka da yatsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Masu nazarin rikicin Zamfara da dama sun nuna cewa abubuwa biyu sun taimaka wajen rura wutar: satar da aka kai ƙara ba a bincika ba, da kuma mutanen da aka kashe a kasuwa ko a hanya bisa zargi kawai ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Na farko ya sa wanda aka zalunta ya yanke ƙauna da hukuma, na biyu ya sa dangin wanda aka kashe suka ɗauki fansa a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Littafin da kuke gardama a kansa, komi ƙaryar da take cikinsa, rabinsa yana cewa a bincika, rabinsa yana cewa a saurari wanda aka kama. Alƙalan da can ma abin da suke nema ke nan da suke cewa a kawo shaidu.

To, malam tela, da Alhaji, da Baba, da fatan kun gamsu. Wanda yake da ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga zamanin 'yan doka da idonsu a Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi, muna maraba da wasiƙarsa. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.